Shekarar da Autana Ya Zama Fada

'Ya'yana da jikokina, akwai wata magana da take yawo a danginmu tun shekarar da aka naɗa autana Bonifas firist, wato Fada, wai ni Rejina na ƙi shiga coci ranar Mas ɗinsa na farko, babbar ibadar da ya fara ja wa jama'a, saboda ya hana ni buga tulu. Na ji ta a Bogoro, na ji ta a Jos, har wata mata ta ba ni labarin tsaf a cikin keke a hanyar Wunti, ba ta san da mai labarin take zaune ba. Na ce mata, “Kai, wannan tsohuwa akwai rigima,” muka yi dariya muka rabu. To, ba haka aka yi ba. Tun da gwiwa ta fara ƙin tashi, gara in zauna in faɗa muku da bakina, domin shekarar nan ita ce mafi daɗi a rayuwata, ba na so a bar muku ita a karkace.

Sai na fara da kakanku, mahaifina, in ba haka ba sauran ba zai zauna muku ba. Katikis ne a ƙauyenmu, shi ke koyar da addini, shi ke jan addu'a idan Fada bai zo ba. A zamaninsa da Latin ake yin Mas. Fada ya juya wa jama'a baya yana fuskantar bagadi, mu kuma muna durƙushe a kan daɓe muna amsawa da kalmomin da ba mu san ma'anarsu ba. Baba bai yi boko mai zurfi ba, amma ya haddace waƙoƙin nan kaf, yana rera su a gona, yana rera su yana liƙe tayar kekensa. Ina budurwa aka kawo canji daga Roma. Fada ya juyo ya dube mu, ya gaishe mu da Hausa, aka ce kowace al'umma ta yabi Allah da abin da ta iya. Ku da aka haifa a cikin wannan ba za ku san yadda muka ji ba. Ni da ƙawata Sisiliya muka fara ɗauko tulun kiɗa, irin na ƙasa mai baki biyu wanda mata ke bugawa da tafin hannu a wurin biki, muka shiga da shi coci ranar wata Ista. Da muka buga, tsofaffin mata suka rangaɗa guɗa, wasu suna share hawaye. Baba kuwa ya ɗauki hularsa ya fita. Ya daɗe yana jin Mas daga bakin taga kafin ya yarda ya koma ciki, kuma har ya rasu bai taɓa tafa hannu a coci ba. Ban yi nadamar tulun nan ba, shi ma bai yi nadamar fitarsa ba, kuma ba mu daina zama uba da 'ya ba.

Da na auri babanku Dominik, soja, tulun ya bi ni barikin Shadawanka a Bauchi. Da ya yi ritaya muka yi gininmu a Gwallameji, lokacin unguwar duk gonaki ce, ya sake bi na. Sisiliya ma aure ya kawo ta Bauchi, muka sake haɗuwa a coci ɗaya. Ni ce shugabar mawaƙan mata, ita ce mataimakiya, haka muka tsufa tare. Babu auren da aka ɗaura a cocin nan, babu gawar da aka raka, ba tare da hannuwanmu sun yi ja a kan tulu ba.

Ina tsakar gida ina tankaɗe da hantsi Bonifas ya kira ni a waya ya ce Bishop ya amince, za a naɗa shi bayan damina. Ban san lokacin da na yar da rariya ba. Na yi guɗar da ta sa kajin gida suka watse, na fita titi ba takalmi, gari duk a fuskata. Maƙwabciyata Hajiya Talatu ta fito a guje tana salati, ta ɗauka gobara ce. Da ta ji labari ta rungume ni muka yi ta juyi a ƙofar gida, masu keke suna tsayawa kallo. Autana! Yaron da na goya ina bugun tulu, wanda ya yi shekaru a makarantar firistoci muna ganinsa sau ɗaya ko biyu a shekara! Babanku ya fito da rediyonsa a hannu, kunnensa ɗaya ba ya ji tun zamanin soja.

“Wa ya mutu?” in ji shi.

“Babu wanda ya mutu, Baban Agata! Ɗanka zai zama Fada!”

Ya tsaya ƙiƙam kamar a fareti, ya sara wa sama, sannan ya koma ɗaki don kada mu ga idanunsa.

Daga ranar gidan nan ya zama kasuwa. Sunana ma ya canja, kowa Maman Fada, Maman Fada. Mata suka fitar da anko, shuɗi mai ratsin fari. Aka fara yi wa awaki biyu kiwon gata a bayan gida. Agata, babbar 'yata, malamar makaranta, ta ɗauki ragamar shiri, ita ce nan ita ce can. Ni kuwa waƙa ta sauko mini, sabuwa fil, ban nema ba, ina wanke-wanke take zuwa baiti bayan baiti. Kowace la'asar matan suka riƙa taruwa a tsakar gidana muna bita, tuluna a gaba, caki a baya. An tsara cewa ranar Asabar za a yi naɗi a babban coci, ranar Lahadi kuma sabon Fada ya yi Mas ɗinsa na farko a cocinmu. Wannan Lahadin muke wa shiri. Mun shirya yadda za mu shigo da baiko, wato kyautar da ake kaiwa gaban bagadi, muna rawa tun daga ƙofa, da doya da kaji da buhun masara, Agata ta yi karatu na farko kamar yadda take yi tun tana sakandare, 'yan matan da take koya wa hidimar bagadi su riƙe kyandir.

Ana cikin wannan Bonifas ya zo hutu. Ya sauka daga keke cikin doguwar baƙar riga mai maɓallai tun daga wuya har ƙafa, a zafin Bauchi. Na ce Auta, ba ka jin zafi? Ya yi murmushi kawai. Ya zauna ya saurari bitarmu har ƙarshe, ya gaida iyayensa mata ɗaya bayan ɗaya da ladabi. Sai da suka watse, muna cin abinci, ya ajiye cokali.

“Mama, Baba, Yaya Agata, ina da roƙo. Mas ɗina na farko da Latin nake so in yi shi. Ba kiɗa, ba tafi, ba rawa wajen baiko. Jama'a su durƙusa su karɓi gurasa mai tsarki, Jikin Almasihu, a harshe. Masu hidimar bagadi maza. Karatu ma namiji ya yi.”

Na ɗauka wasa yake yi, har na fara dariya. Na dubi fuskarsa na ga ba wasa. Agata ta ture kwanonta.

“Maimaita na ƙarshen,” ta ce.

“Yaya, ba don na raina ki ba ne. Haka Ikilisiya ta yi shekaru aru-aru.”

“A kan tabarmar can na koya maka karatu, Bonifas. Da yatsana kake bin baƙi. Yau kuma bakina ne bai isa ya karanta maganar Allah a gabanka ba?”

Ina so ku sani, ɗana ba mai girman kai ba ne, kuma abin da ya faɗa a ranar ba shirme ba ne. Ya ce cocinmu ya koma kamar gidan biki. Ya ce ana yin baiko kala-kala har ya fi addu'a tsawo, mai sanarwa yana kiran sunayen manya, mutane suna ɗaukar bidiyo da waya a lokacin da ya kamata gwiwa ta taɓa ƙasa. Ya ce muna kwaikwayon sababbin cocin nan masu manyan lasifika don kada matasa su gudu, alhali su sun fi mu iya abin, matasan kuma suna guduwa duk da haka. Ya ce akwai ɗalibai a unguwar nan tamu, samari da 'yan mata, da suke zuwa wurinsa suna cewa sun gaji da hayaniya, shiru suke nema, wurin da mutum zai ji cewa a gaban Allah yake. Agata kuma ta ce ya leƙa coci ranar Talata da safe ya ƙirga mazan da zai gani. Ta ce mata ke shara, mata ke wanke kayan bagadi, mata ke koya wa yara addu'a, mata ke zuwa asibiti gaida marasa lafiya, amma da an zo wurin da za a ji murya sai a tuna da shekaru aru-aru. Ta ce Allahn da ya ji Hausar kakanninmu bai kurumce ba. Suka yi ta yi, muryoyi suna hawa. Can babanku ya buga tebur.

“Ni tambayata ɗaya ce. Wanne ya fi gajarta, na Latin ɗin ko na Hausar?”

“Na Latin, Baba.”

“To, ina bayan Fada.”

Ko Agata sai da ta yi dariya, amma dariyar ba ta kashe wutar ba. Washegari na tafi wurin babban Fadan cocinmu, dattijo ne mai furfura, a hannunsa Bonifas ya yi baftisma. Na ɗauka zai yanke hukunci in huta. Ya saurare ni yana kaɗa kai, ya ce doka ba ta hana Latin ba, ba ta kuma hana mace karatu ba, ba ta hana tulu ba. Ya ce su a zamaninsu sun yi faɗa don a buɗe ƙofa, ga shi 'ya'yan da suka raina suna cewa iska ta yi yawa. Ya ce Mas na farko na mai shi ne, ba zai tilasta wa yaron ba.

“Maman Fada, wannan maganar cikin gida ce ta sa rigar coci. Ku je ku daidaita.”

Na dawo raina a jagule. Hajiya Talatu ta gan ni ta kan katanga tana shanya, ta ce lafiya na ji shiru yau ba bita? Na zayyana mata. Ta riƙe haɓa.

“Yo Maman Fada, mu da muke sallah da Larabci fa? Ni ba duka nake ji ba, amma idan liman ya ja karatu da asuba sai in ji tsigar jikina ta tashi. Ki bar yaro ya yi yarensa. Amma batun Agata kam, ni ba na shiga, na san halinta.”

Maganarta ta tsaya mini a rai, amma ba ita ta juya ni ba. Wata rana da azahar ina gyaran wake a inuwa, Bonifas yana ɗaki yana bitar waƙoƙinsa shi kaɗai. Ya ja wani layi a hankali, muryar ta hau ta sauko, ya tsaya a inda jama'a ke amsawa. Sai kawai na ji bakina ya amsa. Wallahi ban yi niyya ba. Kalmomin da na fi shekara hamsin ban furta ba suka fito daidai, da lanƙwasarsu, har da inda Baba yake jan numfashi. Ya sake jan layi na gaba, na sake amsawa. Ya fito bakin ƙofa da littafi a hannu, idanunsa a waje.

“Mama! A ina kika iya?”

“A gonar kakanka, yaro. Ci gaba!”

Muka yi ta yi, shi a tsaye ni a zaune da faifan wake a cinya, har ƙarshe. Inda ya yi kuskure na gyara masa, ya duba littafi ya ga ni ce daidai, ya kama tsalle da baƙar rigarsa kamar ɗan firamare. Ni kuma ina dariya hawaye suna zuba a cikin wake, domin muryar mahaifina nake ji a bakin jikan da bai taɓa ganinsa ba. A ranar na san me zan yi. Na ce ya zauna.

“Auta, ka roƙi abu biyu. Tulu nawa ne, waƙar tawa ce, rawar tawa ce. Na ba ka. Zan sallami mata, kuma ni da kaina zan ja amshin Latin ɗinka. Amma karatun Agata ba nawa ba ne da zan ba ka, kuma ba naka ba ne da za ka karɓe. Idan yayarka ba ta karanta ba, na san ba za ta shiga ba. Idan ba ta shiga ba, ba zan bar ta a waje ita kaɗai ba.”

“Mama, za ki ƙi shiga Mas ɗina na farko?”

“Zan zauna inda 'yata ta zauna.”

Ya ce ya riga ya yi wa abokansa alkawari, sun zaɓi wanda zai karanta, kuma idan ya fara sassauci tun ranar farko ba zai ƙara iya tsayawa a kan komai ba. Na ce na ji. Ban ƙara tayar da maganar ba, shi ma bai ƙara ba.

Gaya wa mata shi ne abu mafi wuya. Sun taru da la'asar, kowace da tulunta, wasu har sun ɗinko anko sun sa don a gani. Na miƙe na faɗa musu. Sisiliya ta tashi a hankali, ta ɗaura gyalenta a ƙugu.

“Rejina, ni da ke muka sha zagi a kan tulun nan. An ce mana arna, an ce mun kawo bori ɗakin Allah. Mahaifinki ya fita, ba ki ajiye ba. Yau don ɗanki ya dawo da baƙar riga sai ki ce mu naɗe hannu? Ba Mas ɗaya ba ne, kin sani. Yau naki, gobe na kowa. Ke za ki buɗe musu hanya.”

Na ce mata ban ce a daina ba, rana ɗaya na roƙa, a matsayina na uwa. Ta ce uwa a gida, shugaba a coci, in zaɓi ɗaya. Ta ɗauki tulunta ta ɗora a ka ta fita, rabin matan suka bi ta. Ba zan ce ba ta da gaskiya ba. Abin da take tsoro, ni ma ina tsoronsa.

Ranar naɗi kuwa, kai! Da ma a ce kuna nan duka. Babban coci ya cika ya batse, mutane har kan katanga. 'Yan ƙauyenmu sun zo mota-mota, Inyamuran kasuwa sun rufe shaguna, tsofaffin sojoji abokan babanku sun jeru da lambobinsu a ƙirji. A can babu gardama, Bishop ya haɗa komai, aka yi Latin aka yi Hausa aka yi Turanci, ganguna suna tashi. Da aka kira sunan Bonifas ya amsa, na ji ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. Da ya kwanta rub da ciki a gaban bagadi ana kiran sunayen tsarkaka, Agata ta damƙe hannuna har ya yi zafi. Da Bishop ya ɗora masa hannu, ya shafe tafukansa da mai mai tsarki, ita ce ta fara guɗa, ba ni ba. Ku rubuta wannan ku ajiye, ku masu cewa ba ta ƙaunar ƙaninta.

Lahadi da safe muka shirya, ni da ita, cikin shuɗin ankonmu. Muka isa coci da wuri. A gindin dogon yaron da ke harabar akwai wani benci, Agata ta zauna a kai, na zauna kusa da ita. Jama'a suna wucewa suna gaishe mu suna waiwaye. An ajiye mini kujera a sahun gaba da farin ƙyalle, aka aiko sau biyu a kira ni, na ce ina zuwa. Babanku ya shiga, ya fito, ya sake shiga, ya sake fitowa, a ƙarshe ya tsaya tsakanin ƙofa da benci da hannuwa a baya kamar mai gadi.

“Mama, ki shiga,” in ji Agata. “Kin jira ranar nan duk rayuwarki. Ni ba komai.”

“Gyara ɗankwalinki, ya karkace.”

Aka buga ƙararrawa. Har lokacin ban san abin da zai faru ba, kuma na san in an fara ba ni, shi ke nan, ba a maimaita Mas na farko. Sahu ya fito daga ɗakin shiri, yara maza da kyandir da turare, firistoci biyu-biyu, Bonifas a ƙarshe cikin farar riga mai aikin zinariya. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya. Sahun ya yi gaba ya bar shi. Ya juyo ya hango mu. Sai ya miƙa hannu ya karɓi littafin karatu daga hannun saurayin da aka zaɓa, ya tako tsakar harabar, rigarsa tana jan ƙura, mutane suna darewa. Ya tsaya a gaban yayarsa.

“Yaya Agata, ban canja ra'ayi ba.”

“Ni ma ban canja ba, Fada.”

“Na sani. Amma na duba kujerar Mama na ga ba kowa, na ji ba zan iya buɗe baki ba. Karɓi. Na sa miki zare a wurin.”

Ta karɓa da hannu biyu. Ni kuwa na manta da duk alkawarin shiru, na saki guɗa ɗaya mai tsawo a harabar nan, babanku yana cewa, “Maman Agata, oda, oda!” Muka bi bayan Fada muka shiga, mu uku.

Ban taɓa jin cocinmu haka ba. Babu kiɗa, babu tafi, har kukan tattabarun rufi ana ji. Hayaƙin turare yana hawa a hasken taga. Ya ja, na amsa, ɗaliban nan 'yan mata masu farin mayafi suka biyo ni suna leƙen tsohuwar da ta fi su iyawa. Can baya na ji wasu muryoyi masu rawa sun shigo, tsofaffi irina da abin ya farka a bakinsu. Matan da suka rage na ƙungiyarmu suna zaune da ankonsu, hannuwa a cinya, ba su san inda za su sa su ba. Sai Agata ta hau ta buɗe littafi. Bayan duk Latin ɗin nan, Hausarta ta sauka a kunne garau, kowace kalma da nauyinta, ban taɓa jin mutane sun saurari karatu kamar ranar ba. Bonifas yana zaune a kujerarsa ya sunkuyar da kai yana ji. Lokacin baiko muka tako a hankali ba rawa, ƙafata tana ƙaiƙayi, kafaɗata tana motsi da kanta, babanku yana dafe ta. Da na durƙusa na karɓi Jikin Almasihu daga hannun da na wanke wa majina, ban iya tashi ba sai da aka ɗaga ni.

Abin ya ci mini abin da ya ci. Sisiliya ba ta zo ba ranar. Da aka yi zaɓe mata suka ba ta shugabanci, ni aka ce in huta. Muna gaisawa a bakin coci, tana tambayar gwiwata ina tambayar hawan jininta, amma ba ta ƙara tako gidana ba, kuma babu ranar da la'asar za ta yi ban ji rashinta ba. 'Yan matan Agata ba su riƙe kyandir ba, ɗaya daga cikinsu ta daina zuwa, ta koma wani coci. Bonifas ma bai tsira ba, wasu abokansa suka ce ya ba da kai tun ranar farko, suka ja baya da shi. A cocinmu yanzu Mas na sassafe shiru ne da Latin, na hantsi kuma tulu da rawa, kowane ɓangare yana ganin ɗayan ya kauce. Ni ina zuwa wanda gwiwata ta yarda. Agata da Fada kuwa har gobe in sun haɗu a gidan nan sai an ɗauke kwanuka daga gabansu.

Saura abu ɗaya, shi ne ma dalilin da ya sa na matsu in faɗa muku wannan. Bayan an tashi daga Mas ɗin, jama'a suna layin karɓar albarka, Bonifas ya kira ni gefe ya ba ni wani ɗan farin ƙyalle a ninke, yana ƙanshin mai. Ya ce da shi aka goge tafukansa bayan Bishop ya shafe su. Ya ce tsohuwar al'ada ce, ana ba uwar firist ta ajiye, ranar da ta rasu a naɗe mata hannuwa da shi, don ta isa gaban Ubangiji da shaidar cewa ta ba da ɗa. Na sa shi a ƙaramin akwatin ƙarfe na kulle. Da baƙi suka ragu na kira Agata ɗaki na miƙa mata makullin.

“Mama, kin san fa ni ban yarda da irin waɗannan al'adun ba.”

“Ban ce ki yarda ba. Ranar nan Fada zai kasance a bagadi, maza kuma ba sa shiga wurin wankan mace. Ke za ki naɗe mini.”

Ta dubi makullin a tafin hannunta. Sannan ta ciro sarƙar wuyanta, ta zura shi kusa da ɗan gicciyenta, ta mayar ta ɗaura.

“Hannun dama ne a sama, ko na hagu?” ta ce.

Na ce ta je ta tambayi ƙaninta.